Sifirin da Ba a Sassauta Ba

Da safe ne Baba ya ce shi fa ya gama zuwa asibiti. Bai ɗaga murya ba, bai ma dubi kowa ba. Yana zaune a kujerarsa ta roba a baranda, ya karkace gefe guda kamar yadda ya koma zama kwanan nan, ya ce wankin ƙodar nan ya ishe shi haka.

Yaya, babbar 'yarsa, tana riƙe da jakar da ake zuba masa bargo da magunguna. Ta tsaya sororo.

"Baba, wasa kake yi ko?"

"Kin taɓa ganin na yi wasa da sassafe?"

Auta, ƙaninta, yana tsakar gida ya riga ya tayar da babur, hular kwano a kansa. Ya ji komai. Ya kashe inji, ya sunkuyar da kai yana gyara madubin da babu abin da ya same shi. A duk gidan nan shi kaɗai ne bai yi mamaki ba.

Likita ya riga ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye. Ƙodojin Baba sun daina aiki, na'urar asibiti ce ke yi musu aikin sau biyu a mako. In ya daina zuwa, ruwa zai taru a jikinsa ya hau ƙirji, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi. Lungun gidansu mota ba ta shiga, Baba kuwa ba ya iya takawa har bakin titi, don haka tun farkon ciwon Auta ne ke kai shi a babur yana ɗauko shi.

Yaya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma lallashi. Ta tambaye shi ko nas ce ta gaya masa magana, ya ce a'a, yaran nan suna da kirki. Ko allurar ce? Ya ce allura ai sun zama abokai. To mene ne?

"Na gaji," in ji Baba. Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma me ka tsaya yi? Mai shagon da kake wa dako na jiran ka. Tafi ka ɗauki kayanka."

Auta kuwa ya tafi. Abin kunya, har da ɗan jin sauƙi ya fita daga lungun, kuma wannan jin sauƙin ne ya yini yana cin sa.

Dakon kaya a babur sana'ar Baba ce, Auta gadon ta ya yi. Shekara da shekaru Baba yana rarraba tukwanen gas gida-gida, lokacin yana ƙaton gaske, wanda in ya yi dariya sai kujera ta yi ƙara. Shi Auta batiran sola yake kai wa mutane daga shagon wani mai sayar da kayan wuta. Batir biyu in aka ɗaure su a kariya, wato mazaunin kaya na baya, sun fi babban mutum nauyi, kuma ba sa karkata tare da kai a kwana.

Ranar da Baba ya miƙa masa makulli, bai fara da koya masa gudu ba. Durƙusar da shi ya yi a bayan babur ya nuna masa shokazoba biyu, hagu da dama, kowanne da sifirin, ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, naɗe a jikinsa. A gindin sifirin akwai zoben ƙarfe mai haƙora hawa-hawa. In ka juya zoben ya hau, sifirin ya matse ya yi tauri, ya ɗauki kaya ba tare da bayan babur ya zauna a kan taya ba. In ka sauko da shi, ya yi laushi, ya shanye ramukan hanya kafin su iso ƙugun wanda ke zaune. Akwai sifana ta musamman mai ƙugiya a baki da ake juya zoben da ita, Baba ya kafa mata ƙusa a bangon baranda.

"In batir za ka ɗauka, matse shi har ƙarshe," ya ce masa a ranar. "In mutum ne, sassauta. Batir ba ya jin ciwo, mutum yana ji. Kuma abin da ka yi wa hagu ka yi wa dama, in ba haka ba babur zai dinga ja da kai gefe. Kada ka saita shi da ka. Ɗora abin da za ka ɗauka tukuna, ka ga yadda bayan ya zauna."

Da ciwon ya zo, Auta ya bi wannan ƙa'ida tsaf. Ranar asibiti sai ya ciro sifana, ya sauko da zoben zuwa haƙorin tsakiya, wanda shi ne ya dace da jikin Baba. Ya kai shi, ya matse a ƙofar asibiti, ya je ya kai batir, ya dawo ya sake sassautawa. Sai dai abin da ɗawainiya. Zoben ya fara tsatsa, yana gardama. Na dama kuma yana maƙale da salansa mai fitar da hayaƙi, ga ta da zafi bayan tafiya, in hannu ya goce sai ta gasa maka bayan yatsu. Mai shago kuma mutum ne da in ka makara sai ya bai wa wani mai babur kayan safe, ya bar ka da hamma.

Wata safiya ya makara. Ya dubi sifana a ƙusarta, ya dubi rana, ya ce yau ɗaya dai ba komai. Baba ya hau, bai ce uffan ba. Tun da bai ce uffan ba, sai yau ɗaya ta haifi ta biyu, ta biyu ta haifi wata da watanni.

Kada wani ya ce Auta bai sani ba. Wallahi ya sani. Duk sanda tayar baya ta faɗa rami, yana jin numfashin Baba ya tsinke a bayan kunnensa. A kan tudun rage gudu da ke gaban makarantar unguwa, yana jin yatsun tsohon sun damƙe masa riga har su haɗa da fata. Sai ya yi tsaki ya zagi masu gyaran titi, Baba ya ce, "Ai kuwa hanyar nan ta lalace." Haka suka dinga yi, uba da ɗa, suna ɗora wa titi laifin da su biyun suka san ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ranar asibiti ta gaba ma Baba ya ƙi. Ƙafafunsa suka fara kumbura har silifa ta daina shiga. Yaya ta daina faɗa, ta koma kuka a kicin tana buɗe famfo don kada a ji ta.

Bayan kwana biyu, da yamma, ta kira Auta. "Zo ka taya shi canza riga da wando, ni ba ya yarda in taimaka masa. Kuma ka yi masa magana. Kai ne ɗan gaban goshinsa, ko zai ji taka."

Auta ya shiga ɗakin. Ƙamshin man zafi ya cika ko'ina. Ya tallafe Baba ya zare masa riga, sai ya ga abin da manyan riguna suka daɗe suna ɓoye masa. Haƙarƙari ne a jere ana iya ƙirga su, kafaɗun da suka saba cika ƙofa sun koma ƙashi da fata. Da ya juya shi don ya ja masa wando, ya ga ƙasan bayansa, daidai inda mutum ke zama. Wurin ya yi baƙi-baƙi, wani gefen sabon rauni, wani gefen tsoho da ya fara washewa. Babu tsokar da za ta tare masa komai. Duk ramin da ke tsakanin gidan nan da asibiti ya bar shaidarsa a wurin.

"Zamewa na yi a banɗaki," in ji Baba, tun kafin a tambaye shi.

"Sannu, Baba."

Abin da ya iya faɗa ke nan. Sannu! Ya ɓalla masa maɓallai, ya fito baranda. Idonsa ya sauka a kan sifana. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninta da bango, ƙura ta kwanta a ƙugiyar. Ya dubi inda kujerar Baba take, ya ga ashe tana fuskantar ƙusar nan kai tsaye. Wato kullum tsohon yana zaune yana kallon ta.

"Me ya ce?" Yaya ta tambaya daga ƙofar kicin, idonta jawur.

"Bai ce komai ba."

"Ni dai na rasa gane kan taurin kan nan. Mutumin da muke wahala a kansa dare da rana, kai ka bar aikinka kana jigilarsa, shi ne zai saka mana da wannan?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki zai ce, Yaya, ni ne. Maganar ta zo har kan harshe ta koma. Ya ce mata yana zuwa, ya ciro sifana ya goge ta da gefen wandonsa.

Zoben ya ƙi motsi. Ya danna, ya ja, ya taka sifanar da ƙafa, ko gezau. Tsatsa da laka sun riga sun haɗe shi da jikin ƙarfen. Dole ya tura babur zuwa rumfar bakanike da ke bakin titi, wani gajere mai surutu wanda ya san Baba tun zamanin tukwanen gas.

"Mai Batir! Yau kuma me ka karya?"

"Zoben sifirin ne ya ƙi juyawa."

Bakanike ya goge hannu, ya ɗare kujerar baya ya yi tsalle a kai sau biyu. Babur bai ko risina ba. Ya sauko yana dafe da ƙugu, yana dariya.

"Kai! Wannan ai benci ne, ba kujera ba. Yaushe rabon da ka taɓa shi? Allah dai ya sa ba budurwa kake ɗauka a nan ba, don wallahi ba za ta sake amsa wayarka ba."

"Batir ne kawai," in ji Auta.

"To, da sauƙi. Ya jikin tsohon namu? Har yanzu kai ke kai shi wankin?"

Bakanike ya yi tambayar yana tsiyaya mai a kan zoben. Sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya dubi Auta, ya dubi kujerar, ya mayar da kansa ƙasa. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya ƙarasa aikin nan shiru. Ya kankare tsatsar da burushin waya, ya ƙwanƙwasa zoben a hankali har ya saki, ya shafe shi da giris hagu da dama, sai ga shi yana juyawa sumul. Da Auta ya sa hannu a aljihu, ya girgiza kai.

"Bar shi. Ka gaishe min da shi."

Auta ya koma gida. Ya kafe babur a tsakar gida, ya sauko da zobban biyu zuwa haƙorin tsakiya, ya mayar da sifana ƙusarta. Baba yana kujerarsa, ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi.

"Baba, gobe akwai asibiti. Zan shirya da wuri."

Baba bai buɗe ido ba. Auta ya wuce ɗaki. A ransa yana fatan gyaran ya wadatar, Baba ya hau ya ji laushi, a wuce wurin ba tare da an tono maganar ba. Har a lokacin, ka ji, yana neman hanyar da zai tsira da mutuncinsa.

Gari ya waye. Auta ya fito yana ɗaura agogo, ya dafa kujerar babur don ya share raɓa, sai ya ji ta ƙiƙam. Ya danna da ƙarfi. Tauri. Ya durƙusa ya duba. Zoben hagu yana haƙorin ƙarshe, na dama ma haka, daidai wa daida, aikin wanda ya san abin da yake yi. A ƙasa kusa da tayar baya akwai kujerar tsuguno da ba a nan ya bar ta ba.

Ya juya. Sifana tana ƙusarta. Baba yana zaune a karkace, yana numfashi sama-sama, giris baƙi a yatsunsa, bayan hannunsa ya ɗaye yana tsattsafo da jini.

"Baba! Kai ka taɓa babur ɗin nan?"

"Wa zai taɓa? Na ga ka bar shi a sake. In ka ɗora batir biyu a haka, bayan zai zauna a kan taya, ka zo kwana ya watsar da kai."

"Ba batir zan ɗauka ba. Kai zan ɗauka."

"Na ce maka na gama."

Auta ya zo ya tsuguna a gabansa. Ya kama hannun da ya ɗaye, ya rasa abin da zai yi da shi. Wannan mutumin da ba ya iya ɗaga bokitin wanka, shi ne ya lallaɓo da sanyin safiya ya zauna a kan ƙashin da ke masa ciwo, yana kokawa da ƙarfe don kada ɗansa ya faɗi a hanya. Hawaye suka zubo masa, bai ma yi ƙoƙarin tare su ba.

"Ba zamewa ka yi a banɗaki ba," ya ce. "Ni ne. Na daina sassauta maka. Ina jin ka kana riƙe numfashi, ina jin ka kana damƙe min riga, na yi kamar ban ji ba. Tun ranar farko na sani, Baba."

"Na san ka sani."

"To me ya hana ka faɗa? Ka zage ni mana! Ka ce kai, ɗan banza, sauka ka gyara!"

Baba ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "In ce me? Ni na yi aikin nan kafin a haife ka. Na san zafin salansa, na san yadda ake ji in aka bai wa wani kayan safe kana tsaye. Ranar farko na ce yaron nan ya makara ne. Ta biyu na ce ya manta." Ya tsaya ya ja numfashi. "Da abin ya yi nisa sai na ce, to, ai gaskiyarsa. Abin da ake ɗorawa a baya a kai, a sauke, a dawo a ɗauka, ai kaya ne. Ciwon bayan ina iya jure shi. Zama kayan nan ne na kasa jurewa."

Yaya tana tsaye a ƙofar kicin da kofi a hannu. Ba su san tun yaushe take wurin ba. Ta dubi ƙaninta, kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba tun suna yara.

"Auta," ta ce a hankali. "Kana ji ina kiran sa mai taurin kai, ka yi shiru?"

Ta ajiye kofin a kan taga, ta shiga ɗaki ta fito da auduga da man rauni, ta durƙusa ta karɓe hannun Baba daga nasa ba tare da ta sake kallon sa ba.

Wayar Auta ta hau ruri a aljihu. Mai shago ne. Ya ciro ta, ya kashe gaba ɗaya, ya ajiye kusa da kofin.

"Ɗauki wayarka," in ji Baba. "Kada ka yi min wasan kwaikwayo."

"Ba zan ɗauka ba."

"To zauna. Ni dai ba inda za ni."

Auta ya miƙe ya ciro sifana. Bai san abin da zai ce ya juya zuciyar tsohon nan ba, ba shi da bakin Yaya, kuma haƙurin da zai bayar ya riga ya makara. Abin da hannunsa ya sani kawai ya yi. Ya zauna a kujerar tsuguno, ya saƙala ƙugiyar a zoben hagu, ya sauko da shi zuwa tsakiya. Ya zagaya ya yi wa na dama. Ya danna kujerar da duk nauyinsa, ta risina ta dawo.

"Wa ka saita wa wannan?" Muryar Baba ce daga baranda.

"Kai."

"Ni na yaushe?"

Auta ya juyo. Baba ya ɗan miƙe zaune, ya tsuke fuska irin yadda yake yi a da in ya ga an ɗaure kaya a karkace.

"Tsakiya ai na lokacin da nake da jiki ne. Haka na koya maka? Ka saita da ka?"

"Ban san nauyinka ba yanzu, Baba." Da ƙyar maganar ta fito, don ita ce gaskiyar da ta fi kowacce ɗaci. Watanni yana ɗauke da mutum a bayansa, bai san ya ƙare ba. "Kai ka ce sai an ɗora an ga yadda bayan ya zauna. In ba ka hau ba, ban san inda zan sa shi ba."

Baba ya dubi babur, ya dubi sifana a hannun ɗansa. Ana ganin yadda abin ke cin sa, aiki a gabansa an yi shi ba daidai ba.

"Gwadawa kawai," ya ce. "Kada ku ɗauka wani abu ne."

Yaya ta riƙe shi ta hagu, Auta ta dama. Suka taka da shi a hankali, kumburarrun ƙafafunsa na jan ƙasa. Yaya ta ninke bargon asibiti ta shimfiɗa a kujerar baya. Auta ya sauke babur daga ƙafarsa ya riƙe shi tsaye, suka ɗora Baba.

Sifirin bai motsa ba. Ko kaɗan.

Auta ya tsaya yana kallon ƙarfen nan kamar zai roƙe shi ya risina. A da in Baba ya zauna a wannan haƙorin, sai bayan babur ya nutse har ka ji ya yi ajiyar zuciya. Yaya ta kawar da kai ta toshe baki da gefen mayafinta.

"Ka gani?" in ji Baba, ba tare da wani tausayin kai ba. "Sauke shi."

Yaya ta riƙe kan babur. Auta ya durƙusa ya sauko da haƙori ɗaya, hagu da dama.

"Ƙara."

Ya ƙara. Zoben ya faɗa haƙorin farko, na can ƙasa, wanda babu wani a bayansa. A nan Baba yake sa shi a da, in zai kai Auta makaranta yana ɗan ƙarami da jakar littattafai a baya. Sai a lokacin sifirin ya ɗan risina, kamar faɗin yatsa.

Baba ya motsa ƙugunsa a hankali, ya saurari abin da babur ke gaya masa. Ya gyaɗa kai.

"Yanzu ya zauna."

Auta yana durƙushe da sifana a hannu, yana jiran a ce a sauke shi. Baba ya dubi ƙasa, ya dubi nisan da ke tsakaninsa da kujerar roba.

"Hawan nan da wuya," ya ce. "Ba zan yi shi a banza ba. Ke, miƙo min jakar. Kai kuma sa sifanar a aljihu, za ka buƙace ta a ƙofar asibiti."

"Yau ba zan ɗauki batir ba. Zan zauna da kai."

"Ka zauna ka yi min me, ka taya na'urar? Za ka matse shi ka tafi aikinka, ka dawo ka sassauta. In salansa ta ƙone ka, ta ƙone ka. Ni ma ta ƙone ni."

Yaya ta rataya wa Baba jakar, ta ɗaura masa hular kwano da ta yi masa yawa yanzu. Ta zo ta gefen Auta ta cusa masa wayarsa a aljihun riga da ɗan ƙarfi. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai tambaya ba. Ta dai ce, "Ka bi a hankali."

Suka fita daga lungun. Auta bai taɓa jin babur ɗin nan da rashin nauyi haka ba. Kan yana wasa a hannunsa kamar shi kaɗai ne a kai. Ya kauce wa ramin bakin kwalbati, ya kauce wa na gaban shagon mai aski. Bakanike yana buɗe rumfa, ya ɗago hannu, Baba ya ɗaga masa nasa mai auduga.

Suka iso tudun da ke gaban makaranta. Auta ya rage gudu har kamar zai tsaya. Tayar gaba ta hau ta sauka. Ya ƙanƙame jikinsa yana jiran numfashin nan ya tsinke a bayan kunnensa, yana jiran yatsu su damƙe masa riga. Tayar baya ta hau, ta sauka, sifirin ya shanye. Bai ji numfashi ba, bai ji yatsu ba, bai ji komai ba. Tsoro ya kama shi. Ya saki hannun hagu ya miƙa baya yana lalube, har ya taɓo gwiwa, ƙashi zalla a cikin wando.

Baba ya buge masa hannu.

"Riƙe kan babur da hannu biyu," ya ce. "Ina nan."